Kara ko Ƙara

Masu bibiyata, sallama gare ku, har da ku da kuka cika min akwatin saƙo da "Sa'ida ki rufa wa kanki asiri ki haƙura." Na gani, na kuma gode. Amma ku bari ku ji abin da ya faru ranar Asabar tukuna, sannan ku ci gaba da yi min wa'azin.

Wanda yau ya fara shigowa, ga ni a taƙaice. Sunana Sa'ida Isiyaku, 'yar Kura ce ni gaba da baya. Babana manomi ne, shinkafa da damina, tumatir da albasa da rani. Ni kuwa aikina a ɗaki nake yinsa, a kan darduma, da laftof a cinya da waya a jikin cajin sola. Ina cikin masu kula da kompaila ta wani harshen rubuta manhaja da ake kira Renda. Kada kalmar ta tsorata ku. Mutum zai rubuta abin da yake so kwamfuta ta yi da kalmomin da shi yake ganewa, sai kompaila ta karɓa ta juya shi zuwa abin da na'ura take ganewa. Kamar injin casa dai: a zuba shanshera ta sama, gyararriyar shinkafa ta fito ta ƙasa. In injin ya samu matsala duk wanda ya kawo buhunsa ya shiga uku, shi ya sa ba a barinsa babu mai kula.

Renda irin harsunan nan ne marasa wasa. In ka ba abu suna, ya zauna kenan, ba zai canza a bayan idonka ba. Kowane aiki sai ya faɗa tun farko abin da zai karɓa da abin da zai bayar, ba ya yin wani abu a ɓoye a gefe. Wallahi abin da ya sa na kamu da sonsa kenan tun ina jami'a. Tambarinmu wani harafi ne da ake ce wa lambda, to tun ranar da Iya ta ji sunan ta mayar da shi lambu. "Duk garin nan kowa da lambunsa," in ji ta, "naki ne kaɗai ba a taɓa tsinko ko attaruhu ɗaya ba."

Sai kuma Lukmanu. Dogo ne, baƙi, mai sanyin magana, yana da injin casa a bakin titi wanda ya gada wajen mahaifinsa, aminin Babana. An yi gaisuwar iyaye, sa rana kaɗai ya rage. Kuma tun da kun matsa sai na faɗa: eh, ina sonsa. Ina son yadda dusar shinkafa take zama a girarsa bai sani ba. Ba wanda ya haɗa mu, ni na gani na ce ina so.

Ranar Alhamis ya zo zance bayan la'asar. Na fito cikin atamfa ruwan goro da farin mayafi, na sha turaren wuta har Iya tana cewa ko gidan zan ƙona. Muna zaure ina zuba masa zoɓo sai wayata ta ɗau ƙugi. Na manta shaf ranar ce taronmu. Na ce ya yi min uzuri, na ɗaga. Fuskoki suka cika allon, maza da yawa, sai shugabarmu, wata dattijuwa 'yar ƙasar Brazil da nake ce wa Malama Ines. A nan gaban Lukmanu ta sanar cewa sun amince a damƙa min makulli. Ma'ana daga yanzu ina cikin 'yan kaɗan ɗin da sai sun sa hannu gyara zai shiga kompailar, kuma sabon zubin kompailar da za a fitar nan gaba ni zan jagorance shi. Aka hau tafi. Wani gemu-gemu har da kiran sunana yana jan shi, "Saa-ii-daa!"

Na kashe wayar ina murna kamar in tashi sama. Na waiwayo na tarar zoɓon Lukmanu yana nan yadda na zuba shi.

"Su waye waɗannan?"

"Abokan aiki. Ka taya ni murna mana, Malam Lukmanu."

"Na taya ki." Ya ɗan juya hularsa. "Amma dai bayan biki za ki ajiye ko? Hajiyarmu ta riga ta fara magana. Ta ce matar aure ba ta zama tana hira da mazan duniya a waya."

"Ba hira ba ce, aiki ne. Kuma ba zan ajiye ba."

"Ko na ce ki ajiye?"

"Ko ka ce, sai mun zauna ka gaya min dalili."

Ya miƙe ya karkaɗe shaddarsa, ya ce a gaishe da Iya. Ko waiwaye bai yi ba da ya tada mashin. Na ɗauki tiren na shiga gida, idona a bushe.

Iya tana tsakar gida tana yanka tumatir tana shanyawa don kauɗa. Da yake sunan surukarta aka sa min, ba ta taɓa kiran sunana, sai dai "ke". "Ke, me kika ce masa ya fita kamar an koro shi?" Na gaya mata. Ta ajiye wuƙar ta dube ni tun daga ɗankwali har silifas. "A kan lambun da ba ya fitar da ko ganye za ki kori ɗan mutane? Bari uban naki ya ji."

Washegari Juma'a na tashi ba saƙonsa, ba kiransa. Mutumin da kullum sai ya turo min "Gimbiya an tashi lafiya" kafin ya buɗe inji. Na ce to, ni ma ina da abin yi. Na buɗe shafin da ake kawo mana ƙorafi, sai ga wani da Hausa aka fara shi. Wata ɗaliba ce mai suna Khaulat daga Kumbotso. Ta rubuta 'yar manhaja da za ta taimaka wa manoman ƙauyen kakanninta a Bunkure wajen rabon ruwan kanal, wa zai sha yau, wa zai sha gobe. Sunayen cikin manhajar duk da Hausa ta sa su, abin ya burge ni. Akwai wani abu da ta kira "ƙasa", wato faɗin gonar mutum, da wani da ta kira "kasa", wato aikin raba ruwan kashi-kashi. Ta ce lissafin yana fitowa a karkace, mai ƙaramin lambu yana samun ruwan mai babba, kuma kompaila ba ta ce mata uffan ba.

Na bi diddigi har na kamo ɓarawon. Can cikin tsohon rubutu, wani bawan Allah da bai taɓa ganin Hausa ba ya sa a dinga cire wa haruffa duk wata 'yar ƙugiya kafin a adana suna, wai don sauƙi. Shi a ganinsa ado ne. Sai ƙ ta koma k, ɗ ta koma d, ɓ ta koma b. Ƙasa da kasa suka zama abu guda, na biyun ya hau kan na farko ya danne shi, kompaila kuma ta wuce shiru kamar ba ta gani ba.

Raina ya ɓaci sosai. Na ɗaure ɗankwalina tamau na shiga aiki. Na mayar wa kowane harafi ƙugiyarsa. Na kuma ƙara wani sharaɗi: duk ranar da sunaye biyu suka yi karo, kada ta sake ta haɗiye, ta tsaya cak ta faɗa wa mai rubutun kafin a je ko'ina. Malama Ines ta duba ta tambaye ni, da gaske harafi daban ne, ba kwalliya ba? Na rubuta mata cewa a harshenmu baki da baƙi ba abu ɗaya ba ne, da ɗaya ake cin abinci, ɗayan kuma masu zuwa gidanka ne, su ake dafa wa abincin. Ta turo min fuskar dariya ta ce in shigar da kaina, ai makullin yana hannuna. Wannan ne gyara na farko da na sa wa hannu. Da na danna, sai da na ji tsigar jikina ta tashi.

Ina cikin wannan daɗin, ana dawowa daga masallaci, wayata ta yi ƙyal. Lukmanu.

"Gobe da safe zan zo wajen Baba. Na yi tunani sosai. Zan yi kara."

Jama'a, ku dubi wannan saƙo da kyau. Lukmanu irin mutanen nan ne da ba su taɓa neman ƙugiya a waya ba, yadda yawancinku kuke rubuto min. Daɗi a wajensa "dadi" ne, ƙauna kuma "kauna". To me yake nufi? Kara zai yi min, wato ya danne ransa ya bar min abina don mutunci? Ko ƙara zai yi, ya kai ni gaban Baba a yi min hukunci? Ni da na wuni ina raba k da ƙ wa mutanen duniya, ga ni zaune da saƙon saurayina na kasa karantawa.

Na san me za ku ce, ki tambaye shi mana. Na rubuta "Wace iri?" na goge. Na rubuta "Da ƙugiya ko babu?" na goge. In na tambaya zai san na damu, ni kuwa ban shirya ba shi wannan ba. Na tura masa "Allah Ya kai mu" kawai, na kife wayar. Amma a raina addu'a ɗaya nake yi, Allah Ya sa kara ce.

Na nuna wa Iya. Ta kai wayar nesa da idonta ta karanta a hankali. "Ƙara ce mana. Ni ma in ni ce shi, ƙararki zan kai." Ta shiga madafa tana ƙunƙuni, amma na lura kazar da take ta ɓoyo ita ta sa aka kama.

Asabar da hantsi Baba ya dawo daga ba tumatir ruwa, ƙafarsa duk taɓo. Ya wanke, ya zura farar jallabiya, ya zauna a zaure. Ba jimawa na ji tsayuwar mashin. Ni kuma na riga na shirya. Na sa leshi ruwan toka mai ƙananan duwatsu, na yafa mayafi kalarsa, kwalli kaɗan, ban sa janbaki ba. In ƙara ce a gan ni da kamala, in kara ce a gan ni da kyau. Iya ta ɗora min tiren shinkafa da miyar kaza ta ce in kai in fito. Na kai, na durƙusa na gaishe su. Ina shirin tashi Baba ya ce, "Zauna, Uwata. Maganar taki ce."

Lukmanu yana zaune a ƙasa, kansa a sunkuye, cikin shadda ruwan sararin samaniya wadda na taɓa ce masa tana yi masa kyau. Ya gyara murya. Ni kuwa kunnena gaba ɗaya yana kan harafi guda.

"Baba, mun ɗan samu saɓani da Sa'ida a kan aikinta. Na je na yi tunani. Ku iyayena ne, ba zan so a ce daga gare ni matsala ta fito ba. Zan yi mata kara. Ta ci gaba da abinta, ba zan ce komai ba."

Kara! Lafiyayyar k, ba ƙugiya ko kaɗan. Wani sanyi ya sauko min tun daga wuya har tafin ƙafa. Baba ya gyaɗa kai ya ce, "Madalla. Ka yi halin mahaifinka, Allah Ya jiƙansa." Sannan ya ce in kawo ruwan wanke hannu.

Na shiga gida ina taka ƙasa da ƙyar don murna. Iya tana bayan ƙofa, ashe duk ta ji. Ta cafke hannuna ta ja ni gefen randa, fuskarta fal fara'a.

"To kin ji ɗan halak. Namiji guda ya yi miki kara a gaban ubanki. Yanzu saura taki. Ki koma ki durƙusa ki ce kin gode, kin bar aikin."

"Iya, ai cewa ya yi in ci gaba."

"Ya ce mana! Haka ake cewa. Ke wa kika taɓa gani an yi masa kara ya karɓe ya haɗiye? Sai mara kunya. Ya sakar miki, ke ma ki sakar masa, shi kenan kowa ya fita kunyar kowa."

Na tsaya da buta a hannu. Wallahi sai na ji sanyin nan ya koma wani abu daban. Iya ba ta yi ƙarya ba, haka ake yi, ni ma a garin nan na tashi. In baƙo ya ce ya ƙoshi, ƙara masa ake yi. In babba ya ce ka riga shi shan ruwa a kanal, kai ma ka san cewa za ka yi a'a shi ya fara. Ni da na kwana ina roƙon kara, ashe ita ce za ta raba ni da makullina cikin ruwan sanyi, da bakina kuma, har in yi godiya. In kuwa na yi shiru na karɓa, zan shiga gidansa da sunan wadda aka yi wa kara ta kasa mayarwa. Shi ba zai ce komai ba, ya yi alkawari. Zai dinga haɗiyewa ne kawai, yau kaɗan gobe kaɗan, har ranar da lissafin zai fito a karkace ba wanda ya san daga ina.

Jiya-jiyan nan na hana kompaila yin haka.

Na koma zauren na ajiye butar. Na durƙusa, amma ban sunkuyar da kai can ƙasa ba.

"Baba, ina neman izini. Ni ce da ƙara."

Baba ya tsaya da hannu a cikin ruwa. "Ƙara kuma, Uwata? Wa kike ƙara?"

"Karar da aka yi min nake ƙara." Na ji Iya ta ja salati a bayan ƙofa, na yi kamar ban ji ba. "Na gode masa, Allah Ya sani. Amma in na karɓa, kowa a nan ya san abin da ake jira in ce. Ni kuma ba zan faɗa ba, don ba zan bar aikin ba. Gara a sani yau, kafin a sa rana." Na juya wajen Lukmanu. "In akwai abin da ba ka so, ka faɗe shi da sunansa. In taron da maza ne, a yi shi a falonka kana zaune, ko in rufe hotona. In lokaci ne, mu yanka lokaci. In kuma aikin ne gaba ɗaya ba za ka iya zama da shi ba, ka faɗa yanzu a gaban Baba. Zan yi kuka, amma zan ji. Abin da ba na so shi ne ka ce ba komai alhali da komai."

Kunyar duniya ta lulluɓe ni, ban taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban Baba ba. Amma ban janye ko kalma ɗaya ba.

Baba ya goge hannunsa a hankali. Ya dubi Lukmanu. "Ɗana, tsakaninka da Allah, da ka ce ta ci gaba, ka sa ran za ta ce ta bari?"

Lukmanu ya dubi tabarma. "Na sa rai, Baba."

"To ka ji." Baba ya ɗan yi murmushi, ban san ko na mene ne ba. "Ni shekara da shekaru ina rabon ruwa da mutane. Wanda ya ce min ruwana bai ishe ni ba, mun rabu lafiya. Wanda ya ce ba komai Malam, shi ne yake zuwa ya fasa min kwamin lambu in na juya baya. Ba zan sa rana a kan ba komai ba. Ka je ka yi tunani na gaskiya, ka dawo min da eh ko a'a. Yanzu dai ci abinci."

Bai ci da yawa ba. Da zai tafi bai kalle ni ba, ni ma ban raka shi ba. Iya kuwa ta daina yi min magana, sai da tukwane take yi. "Wasu dai sun ga samu sun ga rashi," take gaya wa murfin tukunya.

Na shiga ɗaki na cire leshin na ninke. A nan ne hawayen suka zo, ba zan ɓoye muku ba, don ina sonsa kuma na san zai iya cewa a'a. Na share, na buɗe laftof. Khaulat ta rubuto cewa ta gwada sabon gyaran, kowane lambu ya samu ruwansa daidai, har da addu'a ta jero min. Na amsa mata, na shiga duba gyaran wani.

Bayan la'asar wayar ta yi ƙyal. Na bar ta ta ɗan jira, don kada ta raina ni. Sannan na ɗauka.

"Na ji ƙararki. Ban ƙi ba. Taron dai a falo, ina zaune. Saura Hajiya, ta ce ki zo ranar Laraba da kwamfutar taki ta ga lambun da idonta."

Na karanta na sake karantawa. Hajiyarsa mace ce da ko dillalan shinkafa suke shakkar ta, kuma ban san me zan nuna mata a baƙin allo mai cike da rubutu ba. Amma ba wannan ne ya sa na dafe ƙirji ba. Ku koma ku dubi saƙon da kyau. Mutumin da tun da na san shi bai taɓa rubuta min ko "ƙauna" daidai ba, yau ya zauna ya lalubo ƙugiya a wayarsa, ya sa ta a inda take, don kada in yi kuskuren karanta shi.